Lauyan Najeriya a Jidda: zan iya tallata kaina a TikTok?

Tambaya: Ranka ya daɗe, a Najeriya na yi karatun lauya har aka rantsar da ni. Yanzu ina aiki a wani ofishin lauyoyi a Jidda a matsayin mai ba da shawara, iƙamata, wato takardar izinin zamana, lafiya lau. 'Yan'uwanmu na Karantina da Shara Mansur ba sa barin wayata ta huta, wannan kafili ya riƙe masa albashi, wancan rigimar gado. Ina so in buɗe shafi a TikTok da Snapchat da sunan Barista, in riƙa bayani da Hausa, mai son ƙarin bayani ya same ni a WhatsApp ya biya riyal 100. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, ƙanena, kuma ba a bidiyon take ba. Tana cikin sunan da za ka sa da kuɗin da za ka karɓa.

Dokar aikin lauya ta Saudiyya, wadda aka fitar a 2001 aka yi mata gyara a 2022, ta keɓe lasisin lauya ga ɗan ƙasa. Baƙo irinka mustashar ne, wato mai ba da shawara, yana aiki a ƙarƙashin inuwar lauya mai lasisi, ba ya tsayawa gaban alƙali a madadin kowa, ba ya kuma buɗe tasa harka a gefe. Rantsuwar da ka yi a gida tana nan daram, amma a Najeriya take aiki. Sashe na 37 na dokar ya ce wanda ya yi sojan gona da sunan lauya, ko ya yi aikin lauya ba bisa ƙa'ida ba, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara ɗaya ba, ko tarar da ba ta gaza riyal 30,000 ba, ko a haɗa masa duka. Ka duba yadda abin zai kasance a idon mai bincike: ga shafi an rubuta Barista, ga lambar waya, ga wata baiwar Allah ta turo riyal 100 asusunka, ga saƙon murya kana gaya mata abin da za ta faɗa a kotu. Ba sai ya sha wahala ba, kai da hannunka ka tara masa hujja. Ga kuma dokar ƙwadago, da ta hana baƙo yin aiki don kansa ko don wani ba wanda ya ɗauke shi ba. Nan iƙamar ce kanta ke cikin haɗari.

Wasu za su ba ka shawarar ka nemi wani ɗan ƙasa ya ara maka sunansa da rajistarsa, kai ka riƙa juya harkar. Wannan shi ake kira tasattur, kuma dokar 2020 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Kada ka ko saurare su.

Talla ma da nata shingen. Tun 2022 hukumar da ke kula da kafofin watsa labarai ta wajabta lasisin da ake kira Mauthuƙ ga mutanen da ke yin talla a shafukansu, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku, kuma a shekarar aka sanar da hana baƙi yin talla a shafukan sada zumunta in ba su da izini.

To me ya rage maka? Abu mai yawa, in ka bi ta ƙofa. Ka sami mai ofishinku ka nuna masa abin da shi bai gani ba: akwai jama'a masu yawa a Makka da Jidda da Madina da Hausa suka fi fahimta, kuma galibinsu hannun dillalai suke faɗawa, masu cewa sun san wani a jawazat, ofishin fasfo da iƙama. In ya amince, a rubuce nake so, shafin ya zama na ofis, da sunan ofis da lambar lasisinsa, kai kuma ka fito a matsayinka na gaskiya. Duk wanda ya zo, da ofis zai ƙulla yarjejeniya, ga ofis zai biya kuɗin, a ba shi rasit. Rabonka kuma sai ku daidaita a cikin kwantiraginka.

Ko a shafin ofis ba sakaka ake magana ba. Ƙa'idojin ɗabi'ar lauyoyi da Ma'aikatar Shari'a ta fitar a 2021 sun halatta talla, da sharaɗin babu ƙarya, babu yaudara, babu tona asirin wanda ake wa aiki, babu zubar da mutuncin sana'a ko taɓa martabar kotu. Akwai wata ƙa'ida a ciki da na ga matasa sun fi tuntuɓe da ita: lauya ba zai ba da amsa dalla-dalla a kafar watsa labarai kan takamaiman shari'ar da ke gaban kotu, ko wadda za ta iya zuwa, don ya jawo mai ita ya ba shi aikin ba. Shirin kai tsaye na TikTok tarko ne a nan. Wani zai rubuto, kafilina wane ya cinye min wata takwas, ga sunan kamfaninsa. In ka karanta sunan a fili ka ce ai wannan azzalumi ne, ka shiga dokar laifukan intanet ta 2007, wadda ta sa wa ɓata suna ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal 500,000. Hoton takardar hukunci kuwa, da ake ɗorawa ana Alhamdulillah mun yi nasara, ko ka shafe sunan, mutanen unguwa sun san ko wace ce. Ga kuma dokar kare bayanan mutane, da ta fara aiki a Satumbar 2023.

Abin da za ka yi shi ne koyarwa. Minti biyu kan cewa rigimar albashi tana fara zuwa teburin sulhu na Ma'aikatar Ƙwadago kafin ta kai kotun ma'aikata. Minti biyu kan cewa wanda ya bari wata 12 suka wuce bayan rabuwa da wurin aiki, ƙararsa na iya faɗuwa. Yadda ake duba kwantiragi a Qiwa, shafin Ma'aikatar Ƙwadago, yadda ake bin ƙara a Najiz, shafin Ma'aikatar Shari'a, me ya sa 'yar aikin gida hanyarta daban ce. Wannan ya fi kowace talla jawo mutane, don wanda ka fitar daga duhu ba ya mantawa da kai.

Sai dai ni a ganina, kana kallon riyal 100 ne alhali babbar kasuwa na bayanka. Saudiyya tana rubuta dokokinta a 'yan shekarun nan: dokar hujjoji da ta zamantakewar iyali a 2022, dokar mu'amalar jama'a a 2023. Kowa sabon ɗalibi ne a kansu, har tsofaffin lauyoyi. Kai ka taso a tsarin shari'a irin na Ingila, kana rubuta kwantiragi da Turanci. In ka ƙara Larabcin shari'a, wanda ake rubuta ƙara da shi, ba na kasuwar Balad ba, ka zama mutumin da ofisoshin ƙasashen waje da gyaran 2022 ya buɗe wa ƙofa suke nema. Ka bibiyi kwasa-kwasan Ƙungiyar Lauyoyin Saudiyya, ka karanci sasanci na kasuwanci, cibiyarsa tana Riyad. Abin da ka koya ka rubuta shi a LinkedIn, can ne masu ɗaukar aiki suke, ba Snapchat ba.

Kuma kada ka bar lasisinka na gida ya yi tsatsa. Ka biya kuɗin shekara kafin 31 ga Maris. Da yawa daga cikin masu kiranka kan gado, gidan da gonar suna Kano ko Katsina, kuma a kotunan can kai cikakken lauya ne. Shi ma ka sanar da mai ofis kafin ka karɓa, a sa shi cikin yarjejeniyarku.