Tambaya da Amsa: Saƙona bai tara kuɗi ba, na Hajiya Babba ya tara, me ya jawo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ce ma'ajiyar ƙungiyar matan layinmu a Tudun Jukun nan Zariya. Injin bohol ɗinmu ya ƙone, na rubuta a gurup ɗin WhatsApp cewa kowane gida zai biya naira 3,000 kuɗin gyara, shiru kake ji sai mutum ƙalilan suka turo. Sai wata dattijuwa da muke kira Hajiya Babba ta yi saƙon murya tace dan Allah a taimaka yaran layi su daina zuwa nesa ɗiban ruwa, ko ɗari biyu ce mutum ya kawo, wallahi kafin kace me kuɗi sun kusa isa. Mutanen nan fa su ɗin ne dai. Ɗana da ke karatun tattalin arziki a ABU yace har bincike an yi a kan irin wannan. Gaskiya ne? Kuma wannan ba wayo ba ne ake wa mutane?

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri kan wannan ɗawainiya. Ɗanki ya yi gaskiya, an daɗe ana gwada wannan abu da kuɗi na gaske a hannun mutane.

Wanda ya fi burge ni shi ne wanda Lee Ross na jami'ar Stanford a Amurka da abokan aikinsa suka wallafa a 2004. Wasa ne na mutum biyu da aka ba ɗaliban jami'a, kowa zai zaɓa a ɓoye ko ya haɗa kai ko ya zame, in sun haɗa kai duk sun samu, in ɗaya ya zame shi zai kwashi mai tsoka ɗayan ya tafka asara. Dokoki iri ɗaya, kuɗi iri ɗaya, sai dai wasu an ce musu sunansa wasan al'umma, wasu kuma an ce wasan Wall Street, wato cibiyar hada-hadar hannun jari ta New York. Na farko kusan kashi 70 cikin 100 suka haɗa kai, na biyu kusan mutum 1 cikin 3. Abin da ya fi ɗaure kai ma, kafin a fara sai da aka sa masu kula da ɗakunan kwanan ɗaliban suka ware waɗanda suke ganin masu kirki ne da waɗanda suke ganin 'yan son kai ne, kuma wannan warewar ba ta yi tasirin komai ba, sunan wasan ne ya yi aiki. Toh kinga kafin ki yanke cewa matan layinku marowata ne sai ki ɗan dakata.

Akwai kuma wani wasan da ake ba mutum kuɗi ace ya ɗibar wa wani da bai sani ba abin da ya ga dama, ko sisi ma in bai bayar ba babu mai tuhumarsa. Christoph Engel a Jamus ya tattara bincike sama da 100 na irinsa a 2011 ya ga a matsakaici ana ba da kusan kashi 28 na kuɗin. Amma da John List na Chicago ya ƙara zaɓi ɗaya a 2007, cewa kana iya ƙwatar na ɗayan ma, masu bayarwa suka faɗo daga kusan kashi 70 zuwa kashi 10, saboda yanzu mutum yana ganin ai da bai ƙwata ba ma ya yi kirki.

Ita kuwa maganar "ko ɗari biyu ce", Hajiya Babba ba ta karanta masanin halayyar ɗan Adam Robert Cialdini ba amma abin da ya gwada kenan a 1976. Masu neman taimakon ƙungiyar yaƙi da kansa suna bi gida gida, da suka ƙara da cewa ko kobo ɗaya zai taimaka, masu bayarwa suka tashi daga kusan kashi 29 zuwa 50, kuma abin da kowa ke bayarwa bai wani ragu ba. Dalilin a fili yake, an toshe ƙofar "ba ni da shi", an kuma cire wa mai ƙaramin ƙarfi kunya. Naki saƙon ya ce 3,000, matar da take da 800 a ɗaure a bakin zani gara ta yi shiru da a ga gazawarta a gurup.

Sai dai kar a ɗauka kalma laya ce. Anna Dreber ta Stockholm da abokanta sun gwada a 2013, suka sauya wa wancan wasan na rabon kuɗi suna kawai, ba su ga wani bambanci ba. Abin da ni na fahimta, suna ya fi aiki inda mutum yake lissafin me sauran za su yi. In an ce "kuɗin gyara" abin da ke fara zuwa rai shi ne wa ya yanke, maƙwabciya ta biya ne, kar ni kaɗai in zama wawuya. In an ce "a taimaka" kuma ana ganin hoton alat ɗin wasu yana shigowa, lissafin ya canza. A Kenya ma da Jean Ensminger ta kai wa makiyayan Orma wasan zuba kuɗi a asusu ɗaya, nan take suka ce ai wannan harambee ne, karo-karon da suke yi don gina makaranta ko hanya, kamar dai yadda mu za mu ce aikin gayya, sai suka zuba da hannu sake don sun san irin halin da ake nunawa a wurin.

Batun wayo kuwa, ni ban ga wayo ba matuƙar abin da ta faɗa gaskiya ne, yara suna wahalar ruwa kuma ɗari biyu tana ƙara wani abu. Inda nake jin ciwo shi ne masu ƙirƙiro maraya ko mara lafiya na ƙarya, su ne suka sa yau mutane ke ɗari-ɗari da kowane neman taimako, har mai buƙata ta gaske ya rasa. Ke dai ki haɗa biyun, ki faɗi jimillar abin da mai gyara ya nema, ki ce kowa ya kawo abin da ya sauƙaƙa, ki riƙa sanar da inda aka kai kullum da yamma ba tare da sa adadin kowa a gaban sunanta ba, in an gama ki ɗora hoton rasit. In kuma kuna son kuɗin wata-wata na dindindin saboda gyaran gaba, wannan a zauna a taro a yanke shi tare, kar ya fito daga wayarki ke kaɗai.