Dalilin da ya sa auta ke buɗe addu'a a gidanmu

Ɗana, saƙonka ya iso, na kuma ji daɗi da ka tambaye ni kai tsaye. Ka ce tun da ka shiga makarantar tauhidi a Bukuru al'adar gidanmu ta fara yi maka nauyi. Ga dattawa zaune a sujadar dare, amma sai a ce auta ya buɗe da addu'a, shi kuwa ya miƙe yana roƙon Allah ya warkar da akuyarsa. Kana tambaya ko lokaci bai yi ba a bar wa manya.

Ni gwaggonka na ce kada a taɓa ta.

Kakanka ne ya kafa wannan al'ada. Da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932, ya koyi karatu, yana bin baƙi da yatsa. A Matiyu sura 18 ya ga almajirai na tambaya wa ya fi girma a Mulkin Sama, sai Yesu ya kira ƙaramin yaro ya tsai da shi a tsakiyarsu. Kakanka ya ce in Ubangiji da kansa ya sa yaro a tsakiya, shi bai isa ya tura nasa bakin zaure ba. Don mu manya ya yi haka, mu riƙa jin yadda ake roƙo kullum dare, kada mu manta.

Ka tuna daminar da ruwa ya ɗauke bayan shuka, gero ya fara murɗewa? Mu manya mun yi dogayen addu'o'i, kowa na kewaye-kewaye, ba wanda ya fito fili ya ce ruwa muke so yau. Ƙanwarka, lokacin ko makaranta ba ta shiga ba, ta ce, "Baba na Sama, geronmu na jin ƙishirwa, ka ba shi ruwa." Ta gama ta jawo bokiti ta ajiye ƙarƙashin indararo. Da safe ta leƙa, babu ko ɗigo. Na zuba ido in ga ko za ta yi fushi. Ta gyara wa bokitin zama, ta ce yau ma za ta sake gaya masa. Ba ta ji kunya ba, ba ta kuma ce Allah ya yi ƙarya ba. Abin nan shi ke fara ɓace wa mutum idan ya girma cikin ikilisiya: ya daina faɗin ainihin buƙatarsa don gudun kada a ƙi ba shi a gaban jama'a, sai addu'arsa ta koma ta kunnen mutane.

Kada ka ɗauka ina raina karatunka. Bulus ya ce da ya girma ya bar halin ƙuruciya, ya kuma gaya wa Korintiyawa su zama jarirai wajen mugunta, amma manya wajen tunani. Ka yi karatu sosai, muna bukatar fastocin da suka san abin da suke koyarwa. Sai dai karatun ya ƙara maka gaba gaɗi. Yarinyar da ke bauta a gidan Na'aman, shugaban sojojin Suriya mai fama da kuturta, ba ta da komai, amma ta buɗe baki ta ce akwai annabi a Samariya da zai warkar da maigidan. Haka iyayenmu suka yi da shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya zo a shekarun 1960, suka shiga kasuwanni da ƙauyuka suna shaida, da yawansu karatun bai wuce na yaƙi da jahilci ba.

In ka zo Kirsimeti, kai za ka karanta mana aya ka yi bayani, baffanka ya riga ya yarda. Amma auta ne zai buɗe kamar kullum. In ya faɗi abin da bai daidaita ba, kada ka gyara masa a gaban mutane, ka ja shi gefe da safe ku yi magana. Ka gaida abokan karatunka.