Amsa ga mai tambaya kan lamba mai XII a bayanta

Malam, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, domin abin da aka yi maka shi aka yi mini. Ka ce lambar yabon sojan da ka saya tana da kambi a gaba, XII (wato 12 a lambobin Rumawa) a baya, da shuɗin ƙyalle, kuma mai sayarwa ya rantse ta jarumta ce daga Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙarya ya yi maka. Lambar daɗewa a aikin soja ce ta Furushiya, tsohuwar masarauta a Jamus, samfurin 1913, ta shekara 12. Duba kewayen kambin, za ka ga "Treue Dienste bei der Fahne", wato "hidima da aminci ƙarƙashin tuta" da Jamusanci. Ta shekara 9 farin ƙarfe ce da IX, ta shekara 15 kuwa kuros ne, wato mai siffar gicciye. Kafin 1913 ƙananan sojoji ɗan farantin ƙarfe na maƙalawa a ƙirji ake ba su mai harufan Sarki Friedrich Wilhelm na Uku, wanda ya kafa tsarin a 1825.

Ni kuros ɗin hafsoshi na shekara 25 aka cuce ni da shi, mai ruwan zinare da XXV a baya. Mutumin nan sai da ya mai da ni ɗan gida. Kullum gaisuwa, ya iyali, ya jikin Hajiya. Kuɗin da na ware na gyaran rufin ɗaki na tura masa. Da kaya suka iso na kai wa wani dattijo da ya daɗe a harkar, ina murna, a gaban mutane. Ya shafa gefen da farce, ya nuna mini layin haɗin zubi, alamar jabu ke nan, ya miƙo mini bai ce uffan ba. Wallahi ban ci abinci ba daren nan. Na kira mutumin, waya a kashe. Har yau in na tuna yadda yake tambayar lafiyar mahaifiyata sai raina ya ɓaci. Allah ya isa.

Kada ka goge ta da man goge ƙarfe, don Allah, duhun tsufan nan shi ne darajarta. Ta ainihi bugawa aka yi, harufanta tsaf. Ta jabu za ka ga ƙananan ramuka da rubutu a dakushe. Kuma shuɗin ƙyallen ne ke rikita mutane, tunda lambobin Wehrmacht (rundunar sojan Jamus ta zamanin Hitler) na 1936 ma shuɗi ne: shekara 4 da 12 zagayayyu, 18 da 25 kuros, amma su suna da hoton mikiya, kuma adadin da alƙaluman da muka saba aka rubuta shi, kamar 12, ba XII ba.

Abin da ke ci mini rai, mutum ya yi shekara 12 yana fareti da gadi, sannan wani ya laƙa masa labarin ƙarya don ƙarin kuɗi. Taka tana iya zama ta gaske, labarin ne jabu. Turo mana hoton gefenta da zoben da aka rataye ta, kuma kada ka ƙara tura masa ko sisi.