Tambaya da Amsa: Komawa ga magabata ci gaba ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Marwa. Masu wa'azin gyara a unguwarmu kullum kira suke yi a koma ga tafarkin magabata, kuma su ne ke cewa burinsu al'umma ta ci gaba. Yaya waɗannan biyu za su haɗu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Tambayarka ta girme ni da kai. Wajajen 1930 wani malami daga tsibirin Borneo ya rubuta wa mujallar al-Manar ta Rashid Rida a Alƙahira yana tambayar abin da ya sa Musulmi suka koma baya alhali wasu sun yi gaba, har marubucin nan na Lebanon, Shakib Arslan, ya amsa masa da littafi sukutum.

Waɗanda suka faro wannan tafiya ta gyara, wato Jamaluddin al-Afghani da almajirinsa Muhammad Abduh, da suka fitar da jaridar al-Urwa al-Wuthqa a birnin Faris a 1884, sun ɗora laifin a kan taƙlidi, wato bin maganar malaman baya ido rufe. A ganinsu, magabata na farko sun yi ijtihadi, wato ƙoƙarin ciro hukunci da kansu daga Alƙur'ani da Sunna, a kan matsalolin zamaninsu, don haka koyi da su yana nufin a sake buɗe wannan ƙofa. Shi ya sa Abduh, wanda ya zama muftin Masar a 1899, ya dage sai an shigar da lissafi da labarin ƙasa cikin karatun Azhar, duk da turjiyar manyan shehunai.

Daga baya akalar ta karkata. Rida da kansa, wanda almajirin Abduh ne, ya jingina ga malaman Saudiyya, kuma ƙungiyoyi irin Izala, da aka kafa a Jos a 1978 wadda wa'azinta ya ƙetaro iyaka zuwa Garwa da Marwa, sun fi ba da ƙarfi ga yaƙi da bidi'a. Duk da haka ba za a ƙi yaba musu ba, domin matan aure da yawa sun fara zama aji ne a islamiyyunsu na dare.

Shawarata ita ce ka leƙa makarantar da masu wa'azin unguwarku suka gina. Idan ka tarar da yarinya tana haddar Arba'una Hadisi da safe, da rana kuma tana koyon Faransanci da kimiyya har ta iya zana jarrabawar gwamnati, to suna kusa da abin da Abduh ya nufa. Idan kuwa duk karatun bai wuce gardamar ƙablu da sadalu ba, sai ka tambaye su da ladabi ina ragowar aikin.