Yadda za ka gane ko motarka na da tiraka

Malam, ka ce ka sayi mota 'yar Kwatano, kana so ka san ko tana da taswirar tauraron ɗan'adam, ko kuma an maƙala mata na'urar bin diddigi, wato tiraka. Abu biyu ne daban. Taswira karɓar sigina kawai take yi, ba ta faɗa wa kowa inda kake. Tiraka kuwa yawanci da layin waya a cikinta, da shi take aika bayanin wurin da motar take.

Ta taswira ba wuya: duba allon gaba, ko akwai maɓalli mai rubutun NAV ko MAP. Sai dai in daga Amurka ta zo, taswirar can ce a ciki, ba za ta nuna maka hanyar Zariya ba.

Gano tiraka ne mai wuya. Ɗauki tocila ka leƙa ƙarƙashin sitiyari, akwai soket mai ramuka 16 da ake kira OBD, wanda motocin Amurka ke da shi tun 1996. In ka ga ɗan akwati a soke a ciki, ka bincika. Sannan bayan rediyo, wajen fis, ƙarƙashin kujeru, da cikin bamba, inda ake manna mai maganaɗisu. Waya mai sabon salatif da ba ta yi kama da sauran ba, ita ma alama ce.

Don Allah kada ka yanke da kanka. Wasu an haɗa su da famfon mai, kana cirewa motar ta ƙi tashi. Kai wa mai rewaya da ka yarda da shi, kuma in bashi ka ɗauko motar, fara tambayar dilan.