Yaya zan bambanta mai ciniki da mai leƙe a shafina?

Tambaya: Malam, ina sayar da atamfa da turare a Yamai, kuma ina da shafin intanet wanda ƙanena ya haɗa da Google Analytics, manhajar da ke ƙirga baƙin shafi. Alƙaluman baƙi suna hauhawa, amma ciniki bai motsa ba. Ta yaya zan ware masu niyyar saye daga sauran?

Amsa: Hajiya, jimillar baƙi ba ta gaya miki komai, domin ta haɗa wanda ya taɓa talla bisa kuskure da wanda ya zauna yana duba farashi. Abin dubawa shi ne abin da kowa ya aikata bayan shigowarsa.

Google Analytics 4, wanda ya gaji tsohon tsarin a watan Yuli na 2023, yana ɗaukar ziyara a matsayin mai ma'ana idan ta wuce daƙiƙa 10, ko aka buɗe shafuka biyu, ko aka yi wani aiki da kika ayyana da muhimmanci. A ganina wannan ma'auni ya yi sassauci ga mai kasuwa, musamman a nan inda jinkirin intanet kaɗai yakan cinye wa mutum daƙiƙa goma. Ki shiga sashen Explore ki gina rukuninki, wato Segment, na mutanen da suka buɗe shafin kaya sannan suka danna mahaɗar WhatsApp, tunda a can ake ƙulla ciniki. Tsarin yana ƙirga irin wannan dannawa da kansa idan an kunna ƙarin awo, wato Enhanced measurement, a saiti. Daga nan ki kwatanta su da waɗanda suka tsaya a shafin farko: ta Facebook suka zo ko ta bincike, kuma wane kaya ya riƙe su?

Ki yi hattara da matatar bayanai, wato Data filter, da ke ɓangaren saiti. Rukuni ɓoye sauran baƙi kawai yake yi, amma abin da matata ta cire ba ya dawowa har abada. Mutane kan yi amfani da ita don cire ziyarar ma'aikatansu ta lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, alhali lambar IP ta wayar da ke kan Airtel ko Moov ko Zamani sauyawa take yi.

Ki ce wa ƙanenki ya mayar da wa'adin ajiyar bayanai daga wata 2 zuwa wata 14 tun yau, domin ki iya kwatanta cinikin sallar bana da na baɗi.