Allon Yabon Baba

Ɗana, jiya kana goge guntun maɗacin nan ka tambaye ni me ya sa allon yabon bana zai tafi hannun Baba, mutumin da rabonsa da hawa dandamali ya fi shekara goma sha biyar, alhali ga yaron da ko tari ya yi sai 'yan kallo sun tafa. Masu sayen kujeru suna tsaye a kaina, shi ya sa ban amsa ba. Ajiye zarton, jawo benci.

Ka tuna wasan da muka yi a filin firamare cikin hunturun bara? Mun haɗa bangon ɗaki, da tagarsa da ƙofarsa, fenti ya zauna. Ka manta buhun yashin da ake ɗorawa a ƙafar tokarin baya, iskar Jos ta taso, saura ƙiris bangon ya kife a kan yarinyar da ta fito a amarya. Wa ya riƙe shi da kafaɗa har aka sauke labule? Baba ne, da rigar sanyinsa da hular da ta rufe kunne. 'Yan kallo ba su san an yi ba. Tun ina sa'anka haka na san shi a ƙungiyar diramar nan tamu.

Makullin ɗakin gwajin wasa a aljihunsa yake. Akwai wani littafi mai baƙin bango da yake ɗaure shi da roba, gefensa duk ya cinye. A ciki akwai sunan duk wanda ya taɓa shiga ƙungiya, da kuɗin wata, da ranar da aka yi kowane wasa. Kuɗin ƙofa kuwa ba ya ƙirga shi a ɓoye. Zai zube shi a kan tabarma, kowa na gani, a cire na janareta, a cire na katako da ƙusa, sannan a raba saura. Ƙungiyoyin dirama nawa na gani sun watse a garin nan, kuma yawancinsu ba rashin gwanaye ya kashe su ba, rabon kuɗi ne.

Sai maganar 'yan mata. Ka san yadda iyaye da yawa ke kallon dirama. Baba ne ke saka babbar riga ya je ya yi sallama, ya zauna da uba a zaure, ya faɗa masa abin da wasan ya ƙunsa da lokacin da za a tashi, ya kuma ɗauki alkawarin rako yarinya har ƙofar gida kafin magariba. Bai taɓa saɓawa ba, shi ya sa har yau ake ba mu yara.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bayan rikici. Kai ba ka da wayo a Satumbar 2001, amma wataƙila an ba ka labarin Nuwambar 2008 da Janairun 2010. Aka sa dokar hana fita, unguwanni suka rabu, wanda ke Unguwar Rogo yana tsoron zuwa Tudun Wada, na can ma haka. Ƙungiyarmu kuwa akwai Musulmi akwai Kirista, akwai Bahaushe, Birom, Bajari, Bayarabe, duk da Hausa muke wasa. Ni kaina na ce a haƙura, abin ya ƙare. Baba ya ƙi. Ya mayar da gwaji safe, ya samo wurin da kowa zai iya zuwa ba fargaba, ya bi mutane gida gida. Ranar farko mu huɗu ne, ba wanda ya iya kallon idon wani. Ya buɗe littafin nan ya fara kiran suna ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba su zo ba, har da wanda ya san ba zai sake zuwa ba har abada. Mako uku haka, kafin mutane suka fara dawowa.

Garin nan ba baƙon sana'ar ba ne. Hukumar Fina-finai ta Najeriya da aka kafa a 1979 a nan take da makarantarta, ga sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos, ga ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Jos Repertory Theatre tun 1997. Fim ɗin Hausa na bidiyo ma daga ƙungiyoyin dirama ya fito, irin su Tumbin Giwa ta Kano wajen 1990. Da kasuwar fim ta buɗe, gwanayenmu da yawa suka tafi, kuma ban ga laifinsu ba, kowa da bakin da yake ciyarwa. An kira Baba shi ma. Ya ce idan kowa ya tafi, wa zai koya wa na baya tsayuwa a dandamali ba tare da juya wa 'yan kallo baya ba? Matsayin sarki da ya fi kowa iya fitowa a ciki, da hannunsa ya miƙa wa matashi ya koma bayan labule.

Da Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, da Samanja, Usman Baba Pategi, a 2023, ka ji yabon da aka yi ta zubawa a rediyo da Facebook. Sun cancanta, kuma su ƙasa ta san su tun suna raye. Na unguwa fa, wanda ba gidan talabijin da ya taɓa ɗaukarsa? Idan mu ba mu faɗa masa yana ji da kunnensa ba, ba mai faɗa.

Amma karramawar ma akwai yadda ake ɓata ta. Na taɓa zuwa wani taro aka raba lambobin yabo bisa nauyin gudummawar mutum, mai kuɗi ya riƙe lasifika kusan awa guda, tsohon da ya yi wa ƙungiyar bauta yana can baya a tsaye. Na tashi na fita. Namu ba zai zama haka ba. Mun sa ranar 27 ga Maris, Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya da ake yi tun 1962. Iyalinsa za su zauna a gaba. Akwai ambulan na kuɗin magani, don allo ba ya sayen maganin hawan jini. Kuma kafin ranar, kai da wayarka za ka riƙa zuwa gidansa duk Asabar, ka ɗauki muryarsa yana ba da wasannin da ba a taɓa rubutawa ba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma wasannin nan sun fi ashirin a kansa.

Yaron da kake magana a kansa shi zai miƙa allon. Da kansa ya roƙa, don Baba ne ya je wurin mahaifinsa sau uku kafin a bar shi ya shigo.

Ɗauko maɗacin. Ka bi jijiyar katakon wajen gugar, kada ka gicciye ta, in ba haka ba mai zai nuna zane. Sunan da shekarun ni zan sassaƙa, amma ka tsaya kusa ka ga yadda ake riƙe kurfi.